Matakan da za a bi idan manhajar zane ta ƙi buɗewa bayan sabuntawa

Ƙin buɗewar manhajar zane bayan an sabunta ta matsala ce da masu aiki da kwamfuta suka saba gamuwa da ita, tun daga masu tsara katin gayyatar biki da fosta a shagunan ɗab'i na Maiduguri har zuwa ɗaliban zane a Jami'ar Maiduguri. Wani lokaci tambarin manhajar kan bayyana ya ɓace, wani lokaci ta tsaya cak, wani lokacin kuma a danna ta shiru, kamar ba a taɓa ta ba.

Abu na farko da ya kamata a sani shi ne, manhaja daban, zanen da aka yi da ita daban. Fayilolin Krita masu ƙarewa da .kra, da na Photoshop masu .psd, da na CorelDRAW masu .cdr, suna nan inda aka ajiye su ko da manhajar ta ƙi tashi. Abin da ya fi hallaka su shi ne garajen kai kwamfuta wurin mai gyara a ce ya yi mata fomatin, wato ya share komai ya ɗora sabuwar Windows. Wannan magani kan yi aiki, amma tare da matsalar yake tafiya da aikin watanni da amanar masu ba da kwangila. Don haka kafin a taɓa komai, a kwafe dukan zane-zane zuwa filash ko wani rumbun ajiya na waje.

Sabuntawar da ba ta kammala ba

A Maiduguri, dalilin da ya kamata a fara zargi shi ne yankewar wuta ko intanet ana tsaka da sabuntawa. Birnin ya daɗe cikin duhu bayan da 'yan tayar da ƙayar baya suka lalata turakun layin lantarkin da ya taso daga Damaturu a watan Janairun 2021, kuma duk da tashar iskar gas mai megawat 50 da aka ƙaddamar a watan Maris na 2023, shaguna da dama na dogara da janareta da sola. Idan kwamfuta ta mutu a lokacin da ake musanya tsofaffin fayilolin manhaja da sababbi, sai a sami rabi sabo rabi tsoho, manhajar ta rasa da wanda za ta tashi.

Gyaran yana da sauƙi. A fara da sake kunna kwamfutar ta hanyar zaɓin Restart, ba Shut down ba, domin a Windows 10 da 11 kashewar yau da kullum kan adana wani ɓangare na tsohon yanayin don saurin tashi. Idan hakan bai wadatar ba, a cire manhajar, a sauko da cikakken fayil ɗin girkawa daga shafin kamfanin da ya yi ta, a sake ɗora ta a lokacin da batir ke cike.

Tsofaffin saituttuka

Nan ne mafi yawan masu gyara ke ɓata lokaci. Kowace manhajar zane na ajiye zaɓin mai amfani da ita, kamar jerin burushi da launuka da tsarin tagogi, a wani wuri daban da inda ita kanta take. Cire manhajar da sake ɗora ta galibi ba ya taɓa wannan wuri. Shi ya sa mutum zai ɗora ta sau uku, ta ƙi sau uku, alhali fayil ɗin saitin da ya lalace ko ya saɓa wa sabon tsari yana nan daram.

Kamfanonin sun tanadi hanyar fita. A Photoshop, ana danne maɓallan Ctrl da Alt da Shift tare a daidai lokacin buɗewa, sai manhajar ta tambaya ko a share fayil ɗin saiti. Danne Shift kaɗai kuwa kan sa ta tashi ba tare da ƙananan manhajojin ƙari na wasu kamfanoni ba. Idan ta buɗe a haka, to laifin na ɗaya daga cikinsu ne. A CorelDRAW, wadda ita ce ta fi yawa a shagunan ɗab'i na ƙasar nan, maɓallin F8 ake dannewa yayin buɗewa don mayar da ita yadda ta fito daga kamfani.

Krita, wadda kyauta ce kuma al'ummar KDE ke kula da ita, tana ajiye saitinta a fayilolin kritarc da kritadisplayrc. Ana isa gare su ta hanyar rubuta %LOCALAPPDATA% a layin adireshin jakar fayiloli. Abin da ya fi dacewa shi ne a canja musu suna maimakon a goge su, domin manhajar za ta ƙirƙiri sababbi, tsofaffin kuma suna nan idan an buƙace su. Tun daga Krita 5.0 da ta fito a watan Disambar 2021, ana kuma lissafa burushi da sauran kayan aiki a wani fayil mai suna resourcecache.sqlite da ke cikin jakar krita a %APPDATA%. Shi ma ana iya canja masa suna, amma kada a goge jakar gaba ɗaya, don a nan ne burushin da mai zane ya haɗa da hannunsa suke.

Direbobi da tsohuwar na'ura

Sau da yawa ba manhajar zanen aka sabunta ba, Windows ce ta sabunta kanta cikin dare, ta canja direban katin hoto, wato ƙaramar manhajar da ke haɗa na'urar nuna hoto da sauran manhajoji. Manhajojin zane na dogara ƙwarai da wannan kati. A sashen Device Manager, ƙarƙashin bayanan katin, akwai zaɓin Roll Back Driver da ke mayar da direban baya. Masu amfani da allon zane mai alƙalami, irin na Wacom ko Huion ko XP-Pen, su zare shi su gwada. Idan manhajar ta buɗe, direban allon ne ke buƙatar sauyi. Kuma ba a barin direbobin alluna biyu na kamfanoni daban-daban a kwamfuta ɗaya.

Maimakon lalube cikin duhu, ana iya tambayar Windows kanta. A sashen Event Viewer, cikin bayanan Application, kuskure mai lamba 1000 kan ambaci sunan manhajar da ta faɗi da fayil ɗin da ya kayar da ita. Idan kuma saƙo ya fito cewa babu VCRUNTIME140.dll ko MSVCP140.dll, sai a ɗora kunshin Visual C++ daga shafin Microsoft. Bai kamata a tsinto fayil ɗin shi kaɗai daga shafukan da ba a san masu su ba.

Akwai kuma inda gyara ba zai yi ba. Kwamfutocin hannu da suka cika kasuwanninmu da yawansu sun haura shekara goma. Wasu sababbin manhajojin Adobe na buƙatar furosesa mai fasahar AVX2, wadda Intel ta fara sakawa a 2013, kuma Microsoft ta daina tallafin yau da kullum ga Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025. Kwamfutar da ba ta cika sharuɗɗan sabon salo ba, komawa tsohon salo ce kawai mafitarta. Adobe na ba da damar ɗora salon baya ta manhajar Creative Cloud, KDE kuma na ajiye tsofaffin salon Krita a shafinta. Sai dai a kula: fayil ɗin CorelDRAW da aka ajiye da sabon salo ba ya buɗuwa a tsoho, sai an sake ajiye shi da lambar tsohon salon a wata kwamfutar.

Kwafin sata

Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa manhajoji da yawa a shagunan zane kwafi ne da aka karya makullinsu. Irin waɗannan su ne suka fi mutuwa bayan sabuntawa, ko dai sabon salo ya rufe ƙofar da aka fasa, ko manhajar tsaro ta Windows ta killace fayil ɗin da aka yi fashin da shi. Shawarar da aka saba ji, cewa a kashe manhajar tsaron, ita ce mafi haɗari, domin ta wannan hanya ake shigo da manhajojin satar bayanai cikin kwamfutar da ake shiga asusun banki da ita. Wanda kuɗin lasisi ya fi ƙarfinsa yana da Krita don zanen hannu, GIMP don gyaran hoto, da Inkscape don tambura da fosta, dukansu kyauta bisa halal, kuma Krita da GIMP na iya buɗe mafi yawan fayilolin .psd.