Dakta Choggu da Mutuncin Tsoho a Ƙarshen Jinya

Choggu unguwa ce a Tamale, babban birnin arewacin Gana, a ƙasar Dagomba wadda Hausawa suka sani tun zamanin fataucin goro zuwa Gwanja. Sai dai a bakin talakawan garin, sunan yana tuna musu da mutum guda: Dakta David Abdulai, wanda aka fi sani da Dakta Choggu. Tarihinsa ya taɓo tambayar da kowane gida zai fuskanta wata rana: yaya za a yi da tsoho idan likita ya ce ciwonsa ba na warkewa ba ne?

An haife shi a gidan talauci. Mahaifinsa ya yi fama da kuturta, kuma cikin 'ya'ya 11 shi kaɗai ya rayu. Ya yi karatun likitanci a Jami'ar Gana, ya kama aikin gwamnati. A shekarun 1980 aka ɗora wa marasa lafiya biyan kuɗi a asibitocin gwamnati, har ta kai sai an biya kafin a ba da magani, kuma dokar inshorar lafiya ba ta zo ba sai 2003. Cikin waɗanda wannan tsari ya ƙuntata wa akwai tsofaffi marasa galihu. Sai Dakta ya ajiye aikinsa, ya kafa asibitin Shekhinah a Gurugu, ya ƙara wani a Wamale, ba a karɓar ko sisi a cikinsu. Ya kuma fara kai dafaffen abinci ga masu taɓin hankali a titunan Tamale. A can kuturu da makaho da wanda danginsa suka guje shi suka sami makwanci da mai kiran sunansu.

Kula da wanda ajali ya kusanto fanni ne mai zaman kansa a likitanci. Cicely Saunders ta buɗe gidan jinya na St Christopher's a Landan a 1967, ta koyar da cewa zafin mai jinya ya haɗa na jiki da na zuciya da na iyali da na ruhi. A 1993 Dakta Anne Merriman ta kai wannan aiki Uganda, tare da ruwan mofin mai araha da ake sha a gida don kashe raɗaɗi. A 2014 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya nemi ƙasashe su sa irin wannan kulawa cikin tsarin lafiyarsu. Abin da Tamale ta nuna shi ne, tun kafin a kai ga magani, matakin farko na kare mutunci shi ne kada a kori mutum daga ƙofa saboda aljihunsa.

Bahaushe yana da nasa ma'aunin. Dattijon da ya yi shekara saba'in ba a ga tsiraicinsa ba, ranar da aka kware masa zane a gaban jama'a an yi masa raunin da allura ba ta warkarwa. Saboda haka jinya ta gari ita ce a suturta shi, namiji ya yi wa namiji wanka, mace ta yi wa mace, a kira shi Baba ko Malam, a taimaka masa da alwala ko taimama, a nemi ra'ayinsa kafin a yanke shawara a kansa, a ba shi damar wasiyya da neman gafara, a kuma lanƙaya masa kalmar shahada cikin natsuwa. Barinsa yana nishi da sunan haƙuri, alhali akwai maganin rage zafi, sakaci ne.

Dakta Choggu Kirista ne, amma Musulmin Tamale sun shaide shi da alheri. Ofishin jakadancin Amurka ya ba shi lambar yabo ta Martin Luther King a 2012. A 2016 ciwon daji ya kama shi, shi ma ya zama majinyaci, ya rasu a watan Oktoba na wannan shekara.

Wanda ke da tsoho a ɗaki yau, ya tuna cewa gobe shi ne a kan tabarmar. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya kyautata ƙarshenmu.