Ramuka Biyu a Sahara: Tarihin In Ekker da Darasin Bincike Mai Fannoni da Yawa

Gabatarwa

Matafiyin da ya bi babbar hanyar da ta ratsa Sahara, wadda ta taso daga Aljiyas ta bi ta In Salah da Tamanrasset, ta shiga Nijar ta Assamaka da Arlit da Agadas da Damagaram kafin ta iso Kano, dole ya gitta ta gefen wani dutse mai suna Tan Afella. Dutsen yana dab da In Ekker, kimanin kilomita 150 arewa da Tamanrasset, a ƙasar Abzinawan Ahaggar da ke kudancin Aljeriya. A cikinsa ne Faransa ta tayar da bama-baman nukiliya 13 tsakanin 1961 da 1966. Wannan maƙala za ta waiwayi tarihin wurin, domin nuna wa ɗalibi yadda fannin ilimi guda ɗaya ke gazawa wajen bayar da cikakken labarinsa. Za a fara da wani rami da mutanen Sahara suka daɗe suna haƙawa tun kafin zuwan Turawa.

Ramin Ruwa

Mazauna dausayoyin Tuwat da Gurara da Tidikelt, arewa maso yamma da Ahaggar, sun rayu ƙarnoni masu yawa a kan wata fasaha da ake kira fogara. Akan haƙa rijiyoyi a jere, daga tudu inda ruwan ƙarƙashin ƙasa yake, a nufi gangare inda gonakin dabino suke. Daga nan sai a haɗa gindin rijiyoyin da wani dogon rami mai ɗan gangara, ruwa ya riƙa kwararowa da kansa dare da rana, ba guga ba inji. Rijiyoyin su ne ƙofofin fitar da ƙasa da shigar iska, kuma ta nan ake sauka yasa. Irin wannan fasaha aka sani da kanat a Farisa, an kuma gano ɗaruruwan irinta a Fezzan ta Libiya, inda Garamantawa suka yi zamani.

Idan ruwan ya iso gari, sai ya bi ta wani dutse mai haƙora kamar matsefi, wanda ke raba shi zuwa ƙananan magudanai. Akwai ma'aunin ruwa, mutumin da ke amfani da farantin tagulla mai huji-huji yana tantance rabon kowane gida, ana kuma rubuta rabon a kundi. A shekarar 2018 hukumar UNESCO ta sanya ilimin waɗannan ma'auna na Tuwat da Tidikelt cikin al'adun da ke buƙatar ceton gaggawa. Wajibi ne kuma a faɗi cewa aikin haƙa da yasa, mai haɗarin gaske, ya fi faɗawa kan bayi da Haratin. Manoman Haratin ne daga Tidikelt suka kai noman rani da wannan fasaha cikin kwarurukan Ahaggar a ƙarni na 19. Tuwat kuwa ba baƙuwa ba ce ga ɗalibin tarihin Hausa, domin daga can Shehu Muhammadu Al-Maghili ya taso kafin ya iso Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa.

Ramin Wuta

Faransa ta fara gwajin makamin ƙare-dangi a Reggane, a kudancin Tuwat ɗin nan, ranar 13 ga Fabrairu, 1960. Gwaje-gwaje huɗu aka yi a can, duka a sarari. Ƙasashen Afirka sun yi tir da lamarin, musamman waɗanda iskar hunturu ke kwaso wa ƙurar Sahara kowace shekara. Bayan gwaji na uku, gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta yanke hulɗar jakadanci da Faransa a watan Janairun 1961, ta kori jakadanta daga Legas. Wannan matsin lamba yana cikin dalilan da suka sa Faransa ta koma gwaji a ƙarƙashin ƙasa, ta zaɓi dutsen Tan Afella saboda taurinsa.

Injiniyoyi sun huda dutsen da dogayen ramuka, ƙarshen kowanne a murɗe kamar katantanwa. Lissafinsu shi ne, ƙarfin fashewar zai rusa ramin ya toshe shi kafin guba ta sami hanyar fita. An yi gwajin farko ranar 7 ga Nuwamba, 1961, kuma kowane gwaji an laƙaba masa sunan wani dutse mai daraja. A gwaji na biyu, mai suna Béryl, ranar 1 ga Mayu, 1962, lissafin ya rushe. Ramin bai toshe a kan kari ba, narkakken dutse da baƙin hayaƙi mai guba suka yi tsartuwa waje. Cikin 'yan kallo har da ministoci biyu, Pierre Messmer na tsaro da Gaston Palewski na binciken kimiyya, kuma gubar ta taɓa su tare da sojoji da ma'aikata. Palewski ya rasu a 1984 da cutar sankarar jini, yana mai imanin cewa a ranar ya kwaso ta.

Duk da haka ba a dakata ba. Yarjejeniyar Evian ta watan Maris 1962 ta bai wa Faransa damar ci gaba da amfani da wuraren har shekara biyar. Saboda haka, 11 daga cikin gwaje-gwaje 13 an yi su ne bayan Aljeriya ta sami 'yancin kai a watan Yulin 1962. An yi na ƙarshe ranar 16 ga Fabrairu, 1966, sannan Faransa ta koma tsibiran tekun Fasifik, ta bar wurin a 1967.

Wa Zai Bayar da Labarin?

A nan ne darasinmu yake. Masanin kimiyyar nukiliya yana iya auna gubar da ta rage. Hukumar kula da makamashin nukiliya ta duniya ta tura masana a 1999, ta fitar da rahoto a 2005, inda ta nuna cewa daskararren dutsen Béryl yana da sauran guba, ta ba da shawarar hana mutane kusantarsa. Amma na'urar awo ba za ta faɗi wanda ya kwana a gindin dutsen da raƙumansa ba, ko wanda ya kwashi wayoyin tagulla da ƙarafan da aka bari ya kai kasuwa.

Masanin tarihi mai bin kundaye yana da nasa rabo, sai dai yawancin takardun suna hannun sojan Faransa, kuma Aljeriya ta daɗe tana neman taswirar wuraren da aka binne kayan aiki masu guba. Masanin shari'a zai duba dokar Morin ta 2010, wadda ta tanadi diyya, ya tambayi dalilin da ya sa Aljeriyawan da suka amfana ba su taka kara sun karya ba. Amsar tana komawa ga takarda: doka tana neman shaidar zama da ta asibiti, makiyayi kuwa bai ajiye ko ɗaya ba. Masanin ruwan ƙarƙashin ƙasa zai bi sawun rijiyoyi da kwaruruka, ya ga inda ambaliya ke kai yashin da ya taso daga dutsen, kuma a nan sanin tsofaffin masu haƙar fogara zai yi masa rana. Masanin fim da wasan kwaikwayo zai nazarci fim ɗin Djamel Ouahab mai suna Gerboise bleue, ya ga yadda ake sa shaidu magana a gaban kyamara.

Saura masanin harshe da adabin baka. Shaidar leburori da makiyaya tana cikin Tamahak da Larabci, kuma Tamanrasset gari ne da ake jin Hausa a kasuwanninsa da unguwanninsa. Wanda ya kai shekara ashirin ranar Béryl, yau ya haura tamanin. Kowane tsoho da ya kwanta dama ba a naɗi muryarsa ba, wani shafi ne ya ɓace wanda babu kundin da zai mayar da shi.

Kammalawa

Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Masu fogara sun gane haka, shi ya sa mahaƙi da ma'auni da marubucin kundi suka haɗu a kan ruwa guda. Ɗalibin Hausa da ya iya ɗaukar hira, ya iya rubuta ta da fassara ta bisa amana, yana da gurbi a irin wannan bincike kusa da masanin kimiyya. Ba sai ya je Ahaggar ba kafin ya fara: jaridun 1960 da 1961 suna nan a gidan adana kayan tarihi na Kaduna, dattawan da suka ji labarin bam ɗin Sahara a rediyo suna raye a garuruwanmu, Arlit kuma, inda aka fara haƙar yuraniyam a 1971, tana kan wannan hanya ɗaya.