Sintiri da Kiciɓis a Wasannin Yaƙin Teku na Bi-da-bi: Nazari a Kan Dara da Harin Legas na 1851

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci ƙa'idoji biyu da wasannin yaƙin teku na bi-da-bi suka ginu a kansu, wato sintiri, wanda shi ne fita neman jiragen abokin gaba, da kiciɓis, wanda shi ne haɗuwar da ɓangare ɗaya ko duka biyu ba su shirya mata ba. An auna ƙa'idojin da darar da Hausawa suka sani, sannan aka gwada su a kan harin da sojojin ruwan Birtaniya suka kai Legas a 1851. Maƙalar ta gano cewa ba-zata tana koyar da dabara ne idan ta samo asali daga zaɓin da ɗan wasa ya yi da kansa, kuma mafi yawan wasannin sun kula da ɓoye jirage sun bar ɓoye yanayin ruwan.

1.0 Gabatarwa

Wasan bi-da-bi shi ne wanda ɗan wasa yake gama motsinsa kafin abokin karawarsa ya karɓa, kamar yadda ake yi a dara da ludo. Hausawan Agege da ke Legas, waɗanda cinikin goro da na dabbobi da kuma layin dogon da ya haɗa Legas da Kano suka ƙarfafa zamansu a wurin, sun gaji irin wannan wasa daga Arewa, 'ya'yansu kuma sun ƙara da na waya da kwamfuta. Sai dai duk da cewa birnin da suke zaune a bakin teku yake, kuma a Apapa hedikwatar rundunar sojan ruwa ta yamma take, rubutu da Hausa a kan dabarun yaƙin ruwa bai yawaita ba. Maƙalar ta bi hanyar kwatanta ƙa'idojin wasanni da abin da tarihi ya adana domin ta cike wani ɓangare na wannan giɓi.

2.0 Dara da Matsalar Gani

Ana yin dara a gurabe 30, layi 5 a kan 6, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12, kuma wanda ya jera uku yakan cire ɗa guda na abokin karawarsa. Abin lura shi ne babu abin da yake ɓoye a kanta, domin kowa yana kallon 'ya'yan kowa, saboda haka wanda aka cinye ba zai ce bai gani ba, sai dai ya ce bai hango ba. Yaƙin teku kuwa matsalarsa ta farko ita ce ganin. Gantsarewar doron ƙasa ta sa mai tsaye a hasumiyar jirgi mai tsawon mita 30 ba ya hango saman ruwa fiye da kimanin kilomita 20, alhali jirgin sama da ya tashi mita 1,000 yana iya hango fiye da kilomita 110 idan gari ya yi garau. Wasan da ya baje duk jirage a kan allo ɗaya, komai kyan sauran ƙa'idojinsa, ya cire wa ɗan wasa aikin da ya fi cin ran kwamandan jiragen ruwa.

3.0 Hanyoyin Ɓoyewa da Sintiri

Hanya ta farko ita ce naɗa alƙali. A 1824 Georg von Reisswitz ya gabatar wa rundunar Furushiya wasan da alƙali ne kaɗai ya san inda kowa yake, yana sanar da kowane ɓangare iyakar abin da dakarunsa suka gani. Kwalejin yaƙin ruwa ta Amurka da ke Newport ta rungumi wasannin yaƙi tun daga 1887 ta hannun William McCarty Little. Hanya ta biyu ita ce allo biyu da shamaki a tsakani, kamar a wasan Midway na kamfanin Avalon Hill na 1964, inda ɗan wasa yake ambaton yankin da ya tura masu sintiri, abokin karawarsa kuma ya faɗi gaskiyar ko akwai jiragensa a wurin. Hanya ta uku ita ce jefa ƙwaya irin ta ludo. A wasan World in Flames na 1985 an raba kowane yankin teku zuwa matakai daga 0 zuwa 4, kuma jirgin da ya rage tafiya domin ya hau mataki na sama shi ya fi damar gano abokin gaba. Kwamfuta ta zo ta ɗauki aikin alƙalin, tana rufe duk wurin da idon ɗan wasa bai kai ba.

Lissafin da ke ƙarƙashin waɗannan hanyoyi ya fito ne daga aikin Bernard Koopman na 1946 a kan neman jirage a teku, wanda ya nuna cewa damar ganowa tana ƙaruwa da yawan nema amma ribar tana raguwa. Idan yankin ya kai murabba'in kilomita 10,000, mai sintiri kuma yana share faɗin kilomita 20 a tafiyar kilomita 500 ba tare da tsari ba, damarsa ta tsaya kusan kashi 63 cikin 100, idan ya ninka tafiyar kuma ta kai kusan kashi 86. Ma'anar wannan ga mai tsara wasa ita ce sintiri ya zama yana da farashi, kuma kada ya taɓa bayar da tabbas.

4.0 Kiciɓis da Hukuncinsa

Wasanni sun kasu biyu wajen hukunta wanda aka shammata. A Panzer General na 1994, rundunar da ta yi karo da abokin gaba ɓoyayye takan tsaya cik a kai mata hari kafin ta shirya, wato hukuncin yana kan wanda ya yi gaggawar shiga wurin da bai bincika ba. A World in Flames kuwa, wanda ya fi sa'ar nema yakan sami makin ba-zata da zai kashe yadda ya ga dama, ko ya ƙara ɓarna, ko ya zaɓi jirgin da zai hara, ko ya kauce wa faɗan gaba ɗaya. Tsari na biyu ya fi kusa da gaskiya, domin babbar ribar wanda ya riga gani ita ce shi ke da zaɓin a yi faɗa ko a fasa.

Yaƙin Midway na Yunin 1942 ya tabbatar da haka. Amurka ta riga ta san nufin Japan ta hanyar warware saƙonninta na sirri, Japan kuma ta tura jiragen sama na sintiri 'yan kaɗan, ɗaya daga cikinsu, na jirgin ruwan Tone, ya makara da kusan rabin sa'a, ta kuwa rasa manyan jiragenta 4 masu dakon jiragen sama. Tun a watan Mayu, a wasan gwajin da hafsoshin Japan suka yi, alƙali ya yanke cewa an nutsar da jiragensu biyu, amma ɗaya daga cikin hafsoshin, Matome Ugaki, ya sassauta hukuncin. Wasan ya yi gargaɗi, masu shi suka ƙi ji, dara ta ci gida.

5.0 Gwaji a Kan Harin Legas

A ranar 25 ga Nuwamba 1851, jakadan Birtaniya John Beecroft ya shiga ruwan Legas da rundunar jirage domin tsige Sarki Kosoko, amma jirgin Bloodhound ya kafe a rairayi, mayaƙan Kosoko suka buɗe wuta, maharan suka janye. Sun dawo ranar 26 ga Disamba da ƙarfin da ya fi na farko, suka tarar an ƙara shiri a ƙarƙashin jagorancin Oshodi Tapa, jarumin Kosoko ɗan asalin Nufe, har da kututturan kwakwa da aka kakkafa a cikin ruwa domin hana sauka. A wannan karo jirgin Teazer ne ya kafe a gaban bindigogin gaɓa, Turawa suka yi asarar rayuka, kuma ba su rinjaya ba sai da roka ta faɗa ma'ajiyar albarushin Kosoko. Daga nan Kosoko ya bar gari, aka mayar da tsohon sarki Akitoye kan gado, ya sa hannu a yarjejeniya da Birtaniya ranar 1 ga Janairu 1852.

Idan aka ɗora wannan a kan ƙa'idojin da aka bayyana, za a ga sun gaza a wuri guda. Kowane ɓangare ya san inda ɗaya yake, don haka neman jirage bai taso ba, amma duk da haka an yi kiciɓis har sau biyu, kuma da ƙasan ruwa aka yi shi. Wasan da zai kwaikwayi Legas dole ya ɓoye zurfin gurabe da shingayen cikinsu ga baƙo ya bayyana su ga ɗan gari, ya kuma ba baƙon zaɓin ya ɓata juyi guda yana tura kwalekwale auna ruwa ko ya kutsa kai ya ɗauki kasada. Matsalar gani ba ta ƙare da zamanin jiragen tururi ba, domin a 2020 an sace ma'aikatan jirage 130 a Mashigin Gini daga cikin 135 na duniya baki ɗaya, kuma tsarin sa ido na Falcon Eye da Nijeriya ta ƙaddamar a 2021 amsa ce ga tambayar wa zai riga ganin wani.

6.0 Kammalawa

Nazarin ya nuna cewa kyakkyawar ƙa'ida tana buƙatar abu uku: sintiri mai farashi, ganowar da ba ta da tabbas, da hukuncin kiciɓis da yake bin sakacin ɗan wasa fiye da faɗuwar ƙwaya. Kayan aikin ba su fi ƙarfin majalisar 'yan dara ba, domin allon dara biyu da shamaki da amintaccen alƙali sun isa a kwaikwayi harin 1851. Ana kira ga malaman makarantun Agege da matasan unguwar masu ilimin kwamfuta da su tsara irin wannan wasa da Hausa, domin yaran da aka haifa a Legas su koyi lissafin yiwuwa tare da tarihin birnin da suke zaune a cikinsa.