Nitsewar jirgin Afrique a 1920 da matsalar matar wanda ya ɓace a teku

Ranar 9 ga Janairu 1920 jirgin ruwan nan mai suna Afrique, na kamfanin Chargeurs Réunis, ya tashi daga Bordeaux zuwa Dakar da sauran tasoshin Afirka ta yamma, ɗauke da mutum 602. Ruwa ya shiga ɗakin injin, igiyar teku ta kora shi wajen duwatsun Rochebonne, ya nitse a daren 11 zuwa 12 ga wata. Mutum 34 kaɗai suka tsira. Kyaftin Le Dû ya tafi tare da jirginsa, haka ma Monseigneur Jalabert, bishop na Dakar. Daga cikin fasinjojin akwai sojojin tirayar 192 da ke komawa gida bayan yaƙin 1914-1918. Ko da yake ana ce musu ƴan Senegal, daga ko'ina cikin Afirka ta yamma ta Faransa ake ɗibarsu. Jaridun Faransa ba su daɗe kan labarin ba, saboda zaɓen Deschanel a matsayin shugaban ƙasa ranar 17 ga wata ya ɗauke hankali.

Abin da ya dame mu a nan shi ne iyalin da aka bari. Dokar Faransa ta ba kotu ikon tabbatar da mutuwar matuƙi ko fasinjan da ya ɓace a teku, matarsa ta samu takarda. Amma a gari irin Cake, a ƙasar Mayahi, a zamanin da Zinder ke mulkin yankin soja na Nijar, aure da gado suna hannun malamai da dattawan gida ne. Su kuwa sai sun ga gawa ko shaidu.

Fiƙihun Malikiyya ya kira irin wannan mutum mafƙudi. Risala ta Ibn Abi Zaid ta ce matarsa za ta kai ƙara, a yi bincike, sa'an nan ta jira shekara 4, ta yi takaba wata 4 da kwana 10, kafin ta yi aure. Dukiyarsa kuwa ba a raba ta sai ya kai shekarun da ba a zaton tsararsa na raye, wanda Mukhtasar na Halilu ya sa 70. Ke nan saurayin da teku ta ci yana ɗan shekara 25, matarsa na iya sake aure tun ƴaƴansa na ƙanana, amma gonarsa ta zauna da sunansa shekara 45. A ƙasar da ake noman gandu, ƴan'uwansa ne ke cin moriyar wannan jinkiri, ba matar ba. Hatta sallar gawa ba ta samuwa, domin Malikiyya ba sa son a sallaci wanda gawarsa ba ta gaban jama'a.

Akwai wata ƙofa da, a ganinmu, masu tarihi ba su kula da ita yadda ya kamata ba. Idan mijin bai bar abin ciyarwa ba, mace na iya neman alƙali ya raba auren saboda rashin ci da sha, ba sai ta jira shekara 4 ba. Sai dai wadda ta bi wannan hanya ta fita a matsayin sakakkiya, don haka ba ta da rabo cikin gadon in an zo raba shi.