Tarihin Horon Soja a Makarantun Gwamnati na Amurka

An daɗe ana gardama a Amurka a kan ko ya dace a sa wa yaran makarantun sakandare kaki, a koya musu fareti da riƙon bindiga. Abin da za mu nuna a wannan takarda shi ne, horon yana nan fiye da shekara ɗari, amma dalilin da a ke bayarwa na yinsa ya sāke, kuma da dalilin ya sāke sai yaran da a ke yi wa shi su ma suka sāke.

Asalin abin tsoron yaƙi ne. Sa'ad da Jamusawa suka nutsar da jirgin ruwan nan Lusitania cikin 1915, sai waɗansu manya, irin su Janar Leonard Wood, suka yi ta kiran a shirya samari tun kafin wuta ta iso. Cikin 1916 Majalisa ta yi dokar tsaron ƙasa wadda ta yarda soja su ba makarantu malamai da kayan aiki. Wannan shi ne mafarin shirin da a ke kira JROTC. A lokacin nan ba a ɓoye nufi ba, watau a sami hafsoshin ko-ta-kwana.

Da yaƙi ya ƙare sai masu ƙi suka taso. Cikin 1925 suka kafa ƙungiyar yaƙi da cusa halin soja cikin ilmi, shaihin malami John Dewey kuwa yana cikin waɗanda suka goyi bayansu. Hujjarsu ita ce, aikin makaranta shi ne ta koya wa yaro tambaya da auna magana, barikin soja kuwa bin umurni ya ke koyarwa ba da musu ba.

Abin mamaki, su kansu shugabannin soja ba su ga ribarsa sosai ba. Cikin 1963 Ministan Tsaro Robert McNamara ya nemi a rage shi, don kuɗin da a ke kashewa ba ya haifar da hafsoshi. Majalisa ta ƙi. Maimakon haka, cikin 1964 ta faɗaɗa shi zuwa sojan ruwa da na sama, ta kuma sa tsofaffin soja masu cin fansho su zama malamansa. Daga baya aka shigar da 'yan mata.

Babban sauyi ya zo cikin 1992, bayan tarzomar birnin Los Anjalis. Janar Colin Powell ya ga cewa horon zai ba yaran unguwannin talakawa ladabi da tarbiyya, aka ɗaga iyakar yawan makarantun zuwa 3,500. Tun daga nan hujja ta koma gyaran hali, bisa ga cewa icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi. Lalle iyaye da yawa sun yaba, don sun ga 'ya'yansu sun natsu. Amma cikin 2022 jaridar New York Times ta bayyana cewa a makarantu masu yawa an sa yara cikin shirin ba da sun nema ba, galibi kuwa 'ya'yan waɗanda ba farar fata ba ne da na marasa hali.

To, a nan ne gizo ke saƙa. In horon nan alheri ne ga kowane yaro, me ya sa ya fi yawa inda talauci ya fi yawa? In kuwa hanyar ɗaukar soja ce, ya kamata a faɗa wa iyaye a fili. Malamin da ke horon malamai ya cancanta ya riƙe tambayoyi uku duk inda aka kawo irin wannan shiri: wa ya zaɓi yaron, wa ke duba malamin, kuma wane darasi aka ture don a sami lokacin fareti.