Daga Tulu Zuwa Jar Mota: Tarihin Kashe Gobara Na Neman Ɗaki

Kafin a san jar mota a ƙasar Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, kururuwa ce farkon maganin gobara. Da hayaƙi ya turnuƙe, mata su ɗauki ihu, maza su fito da tulu da masaki, wasu na watsa ƙasa. Masu dabara ba sa ɓata ruwa a kan ɗakin da ya riga ya kama. Jinkar maƙwabta suke yayewa, su tuge dannin kara, wuta ta rasa abin ci. In da hunturu ne, iska na kaɗawa, rumbu ake fara karewa, domin ɗaki ana sake shi cikin mako guda, hatsi kuwa sai wata damina.

Aikin kwana-kwana na hukuma daga Legas ya faro, a farkon ƙarni na 20, yana ƙarƙashin 'yan sanda. A 1963 aka yi dokar da ta kafa hukumar kashe gobara ta tarayya, jihohi ma suka zo suka kafa nasu. Jirgin ƙasa ya riga motar kashe gobara isowa Ƙaura: tun 1929 ya shigo, aka shiga tara gyaɗa da auduga a bakin tasha. Har zuwa 1996 da aka ƙirƙiro jihar Zamfara, Sakkwato ce hedikwata, tafiyar kuwa ba kusa ba.

Kwano ya maye gurbin jinka, amma gobara ba ta ragu da ƙarfi ba, sai ma ta samu sababbin ƙofofi: wayar lantarki, fetur a jarka, tukunyar gas. A Maris 2016 kasuwar Sabon Gari ta Kano ta yi asarar dubban shaguna. A Nuwamba 2021 yara fiye da 20 suka rasu a azuzuwan zana a Maraɗi. A Fabrairu 2025 abin ya zo gida, almajirai 17 suka rasu cikin dare a wata makarantar allo a Ƙaura Namoda. Allah ya jiƙansu.

Duk wannan tafiya, ina aka ajiye ta? Birnin New York na Amurka ya mai da wata tashar kwana-kwana da aka gina a 1904 gidan tarihi. Mu ma mun iya adana abin da muke girmamawa. Ga Gidan Makama a Kano, ga cibiyar Waziri Junaidu a Sakkwato. Amma tsohuwar motar kashe gobara, da tiyo da hular kwano da ƙararrawa, ƙarshensu hannun 'yan gwangwan.

Abin da ya fi damuna ma littafin da ma'aikata ke rubuta kowace gobara a ciki ne: rana, unguwa, musabbabi, lokacin da aka kira da lokacin da aka iso. Wanda ya jera irin waɗannan littattafai na shekara 30 zai ga watan da wuta ta fi tashi da lungun da mota ba ta iya shiga. Gara ce ke karanta su in an bar su a sito.

Ɗaki ɗaya ya isa a fara. Kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya tana Ƙaura tun 1983, tana da ɗaliban da za su iya naɗar muryar tsofaffin 'yan kwana-kwana da dattawan unguwa tun suna raye. Masarautun Ƙaura da Shinkafi da Zurmi su sa baki a tattaro kayan, in an buɗe kuma a fara gayyato malaman tsangaya da almajiransu.