Rumbunan bayanan shari'a: tarihinsu da matsalar harshe

Wannan ɗan nazari zai bi matakan da binciken dokokin ƙasa da ƙasa ya ratsa, daga takarda zuwa kwamfuta, domin a ga abin da aka warware da abin da ya yi saura.

Tushen abin ya girmi na'ura. Bayan yaƙin duniya na farko, sashe na 18 na yarjejeniyar Ƙungiyar Al'ummai ta 1919 ya wajabta a yi rajistar kowace yarjejeniya kuma a buga ta, don a kawar da ƙulle-ƙullen ɓoye tsakanin gwamnatoci. Sashe na 102 na kundin Majalisar Ɗinkin Duniya na 1945 ya gaji wannan ƙa'ida. Amma littattafan suna jibge a manyan ɗakunan karatu, nesa da mai bincike na Yamai ko Damagaram.

Mataki na biyu ya zo daga Amurka. A 1960, John Horty na jami'ar Pittsburgh ya nuna cewa kwamfuta za ta iya zaƙulo duk inda wata kalma ta fito cikin dokoki. Daga nan ƴan kasuwa suka shigo: LEXIS a 1973, Westlaw a 1975. Aiki ya yi sauri, sai dai kuɗinsa ya fi ƙarfin jami'o'inmu.

Mataki na uku shi ne na kyauta. Jami'ar Cornell ta buɗe cibiyarta ta LII a 1992, AustLII ta Ostareliya ta biyo baya a 1995, sannan a 2002 irin waɗannan cibiyoyi suka fitar da sanarwar Montréal, wadda ta ɗauki doka a matsayin dukiyar kowa. A fagen faransanci akwai Légifrance, da Juricaf mai tara hukunce-hukuncen kotunan ƙoli. Ƙungiyar OHADA, wadda Nijar ta sa hannu kan yarjejeniyarta a Port-Louis a 1993, ita ma dokokinta na kasuwanci suna intanet. Yau ɗalibi na iya karanta hukuncin kotun duniya na 2005 kan iyakar Nijar da Benin, wanda ya bar tsibirin Lete a hannun Nijar, ba tare da biyan ko dala ba.

To, nisa ya ragu, kuɗi ya ragu; saura harshe. Tun zamanin Horty, na'ura kalma take nema, kuma wanda bai san kalmar ba, ƙofa a rufe take gare shi. Mai kwatanta dokar Nijar da ta Nijeriya dole ya riƙe faransanci da ingilishi, tare da tsarin shari'a biyu da kalmominsu ba sa faɗawa daidai kan juna. Abin ya fi tsanani a shari'ar gona. Masu ƙara suna jayayya da hausa kan aro, jingina ko gado, amma da faransanci ake rubuta hukunci. Idan kalmar asali ta ɓace wajen fassara, babu rumbun da zai maido ta.

Don haka muke ganin aikin da ke gaban sassan nazarin harsuna shi ne tsara ƙamus na kalmomin shari'a, hausa da faransanci da ingilishi, tare da alƙalai da lauyoyi, wanda za a iya ɗora wa waɗannan rumbuna. In ba haka ba, doka za ta zama a buɗe ga kowa, amma kaɗan ne za su iya nemo ta.